Zawon 'ya'yan tumaki: abin da gwajin DNA ke gani wanda madubin likita ba ya gani

Duk mai kiwon tumaki a ƙasar Kabi, ko mai garke ne da ke bin fadamar Argungu da Bunza, ko matar aure mai tumaki uku a turke cikin garin Jega, ya san zawon 'ya'yan tumaki. Ɗan tunkiya na tsalle-tsallensa lafiya lau, kwana biyu sai ka ga gindinsa ya ɓaci, ido ya zurma, ya daina bin uwa. Abin da aka saba shi ne a sayo maganin tsutsa a ɗura masa, ko a kira mai allura ya yi masa ta LA, wato allurar kashe bakteriya. Wani ya tashi, wani ya mutu, a ce kwana ne ya ƙare. Amma masu kawo zawo suna da yawa. Akwai tsutsar ciki, akwai bakteriya, akwai bairas irin na PPR, cutar da ke kama tumaki da awaki, har sauya abinci kwatsam ma yana kawo shi. A cikinsu akwai wani rukuni da ba a cika maganarsa ba, wasu halittu masu ƙwayar rai ɗaya tak da ke zama a hanji, waɗanda masana ke kira furotozowa. Ido ba ya ganinsu, maganin tsutsa bai dame yawancinsu ba, kuma wasu daga cikinsu ba su tsaya kan tunkiya ba, har mutum suna kamawa.

Uku ne suka fi suna. Akwai Eimeria, mai kawo cutar da masu kiwon kaji suka sani da koksi. Tumaki na da nasu jinsi fiye da goma, amma biyu ne masu ɓarna ta gaske, E. ovinoidalis da E. crandallis, kuma sun fi kayar da ɗan tunkiya mai mako huɗu zuwa takwas, wani lokaci da jini a zawon. Kowace dabba da nata: na tunkiya ba ya kama kaza, ba ya kama mutum, ko akuyar da ke kwana tare da ita nata daban ne. Akwai Giardia, wadda wani ɗan ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya fara gani a 1681 cikin bayan gidansa, da gilashin da ya sassaƙa da hannunsa. Ita ba ta cika kisa ba, sai dai dabba ta yi ta ci ba ta ƙiba. Na ukun shi ne Cryptosporidium, kuma a kansa ne maganar ta fi nauyi.

Wani Ba'amurke, Ernest Tyzzer, ya bayyana shi a 1907 daga cikin ɓeraye, aka yi shekaru ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci, sai a 1976 aka fara tabbatar da shi a jikin mutum. Yana fita cikin kashi a wani ƙunshi mai ɓawo, mu kira shi ƙwai, wanda faɗinsa bai wuce kashi 4 zuwa 6 cikin dubu na milimita ba. Kulorin da ake zubawa a ruwan famfo ba ya kashe shi. A 1993 ya shiga ruwan birnin Milwaukee a Amurka, mutane kimanin 400,000 suka yi zawo. Wani gwaji da aka yi a ƙasar a 1995 kan mutanen da suka ba da kansu ya nuna ƙwai 132 sun isa su kama rabin waɗanda suka haɗiye su, alhali jaririn dabba guda da ya kamu yana zubar da miliyoyi a rana. Wani babban bincike mai suna GEMS da aka wallafa a 2013, wanda ya bi yara 'yan ƙasa da shekara biyar a wurare bakwai na Afirka da Asiya, har da Mali da Gambiya, ya sa shi cikin manyan abubuwa huɗu da ke jawo wa yara zawo mai tsanani. A tumaki kuwa, 'yan kwana kaɗan zuwa mako uku ya fi kamawa.

Hanyar da aka daɗe ana bi wajen gano waɗannan halittu ita ce madubin likita. A dama kashi da ruwan gishiri ko na sukari mai kauri, ƙwan ya taso sama, a ɗebo a duba. Ga Eimeria wannan na aiki sosai, don ƙwansa manya ne, har ana iya ƙirga yawansu a kowane giram. In ana son sanin jinsinsa sai a ajiye ƙwan na 'yan kwanaki cikin wani ruwan magani har ya nuna, a auna tsawonsa da faɗinsa, a dubi siffar ɓawon. Aiki ne mai cin lokaci, yana kuma buƙatar idon da ya saba. Ga Cryptosporidium sai an rina da launi irin wanda ake rina majina da shi wajen neman tarin fuka, da ɗan sauyi, ƙwan ya fito ja. In ƙwan ba su da yawa ba za a gan su ba. In ma an gani, nan aikin ya tsaya, domin jinsin Cryptosporidium da aka sa wa suna sun haura arba'in, kuma yawancin na hanji kamanninsu ɗaya a ƙarƙashin madubi. Giardia ta tunkiya da ta mutum ma ba mai raba su da ido.

Ga inda hakan ke zama matsala. A ce gida guda a Kamba, ɗan tunkiya na zawo, yaro ɗan wata goma ma na zawo, an duba kashin duka biyun an ga Cryptosporidium. Kowa zai ce daga tunkiyar ne. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuma yaron daga wani yaro ya ɗauka, ko daga rijiyar da masai ke kusa da ita, ɗan tunkiyar kuwa nasa jinsi ne daban da bai taɓa damun mutum ba. Mai yiwuwa ma ruwa ɗaya ne ya ba su duka biyun. Kowace amsa da irin matakin da za a ɗauka, kuma madubi ba ya da ta cewa a nan. Sai an karanta abin da ke rubuce cikin halittar kanta.

Kowace halitta tana ɗauke da DNA, dogon zare da aka jera da sinadarai huɗu waɗanda ake wa laƙabi da haruffan A, T, G da C. Jerin haruffan ne ke bambanta wannan jinsi da wancan. Ba duka zaren ake karantawa ba, wata gaɓa ake zaɓa wadda aka san tana bambanta tsakanin jinsi da jinsi. Amma kafin a kai ga karatun akwai doguwar hanya, kuma yawancin binciken da ya lalace tun a farkonta ya lalace.

Daga ɗaukar kashin ake farawa. Ba na ƙasa ake tsinta ba, don ba a san na wace dabba ba ne, ƙasa da ruwa ma sun gauraye shi. Da safar hannu ake ciro shi kai tsaye daga duburar dabbar, a sa a mazubi mai murfi, a rubuta shekarunta, da ko tana zawo, da inda take shan ruwa. Samfurin da ba a rubuta wa waɗannan bayanai ba ya yi asarar rabin amfaninsa. Daga nan sai adanawa. Ɗakunan gwaji da yawa sun saba zuba fomalin a kashi, kuma ga aikin madubi ba laifi, amma fomalin na lalata DNA. Sai dai a sa a ƙanƙara har a kai shi firij mai daskarewa, ko a zuba masa sinadarin etanol. Wanda ya san zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu, da yadda wuta ke zuwa ta tafi, ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Samfurin da ya daskare ya narke sau da yawa a firij ɗin da ba janareto ko sola, sakamakonsa abin zargi ne.

Sai fasa ƙwan. Ɓawon da ke kare shi daga kulorin shi ne kuma ke hana a kai ga DNA ɗinsa. Ana daskarar da shi a dafa shi a jere sau da yawa, ko a girgiza shi a inji tare da 'yan ƙananan duwatsun gilashi har ya farfashe. Bayan haka a tace DNA ɗin daga dattin. Kashin dabba mai tuƙa cike yake da ragowar ciyawa da ruwan matsarmama, kuma waɗannan na iya hana gwajin tafiya gaba ɗaya. In hakan ta faru sakamako zai fito cewa babu komai, alhali akwai. Shi ya sa ɗakin gwajin da ya san aikinsa ke sa wata alama a kowane samfuri, wadda dole ta bayyana. In ba ta bayyana ba an san gwajin ne ya ƙi, ba dabbar ce lafiya lau ba.

DNA ɗin da aka tace gauraye yake: na tunkiyar, na ciyawar da ta ci, na bakteriya barkatai, na wanda ake nema kuwa ɗan mitsitsi ne a ciki. A nan PCR ke shigowa, gwajin da ke ninninka gaɓar da ake nema har ta yi yawa, wanda mutanenmu suka fara jin sunansa sosai a 2020 lokacin korona. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro shi a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Ana haɗa wasu gajerun zaren DNA guda biyu, faraima, waɗanda ba sa manne wa ko'ina sai farko da ƙarshen gaɓar da ake nema. A sa su a ɗan ƙaramin bututu tare da samfurin da wani sinadari mai gina DNA da ake kira enzayim. Injin ya ɗaga zafi zuwa wajen digiri 94, zaren ya rabe biyu. Ya sauke zuwa tsakanin 50 da 60, faraima su manne. Ya koma 72, enzayim ya gina sabon zare a kan kowane ɓari. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kuma bayan zagaye 30 lissafi ya kai wajen biliyan guda. Enzayim ɗin da ke jure wannan zafi, Taq, daga wata bakteriya aka samo shi da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka. Ga waɗannan halittu na hanji yawanci sau biyu ake yin aikin gaba ɗaya, a ɗebi abin da ya fito daga na farko a sake yi da wasu faraima da ke can ciki, don a kamo ko da ƙwai kaɗan ne. Amfanin hakan shi ne kuma haɗarinsa: ɗigon da ido bai gani ba daga gwajin jiya, in ya faɗa bututun yau, zai sa tunkiya mai lafiya ta fito da cuta. Don haka kowane gwaji na tafiya da bututun da ruwa zalla ne a ciki. In shi ma ya nuna alama, aikin ranar sai a zubar.

Ga Cryptosporidium, gaɓar da aka fi nema da farko ita ce 18S, guntun da ya kai haruffa kimanin 830. A da ana yayyanka guntun ne da wasu enzayim a dubi tsawon gutsattsarin. Yanzu an fi karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya, da hanyar da Frederick Sanger ya fito da ita a 1977, a kwatanta da abin da ke rumbun GenBank, wanda kowa ke iya shiga kyauta ta intanet. Da aka yi ta yin haka a ƙasashe, sai ta bayyana cewa jinsi uku ne suka mamaye tumaki. C. parvum, wanda ke kashe jariran dabbobi kuma yana kama mutane ƙwarai. C. xiaoi, wanda sai a 2009 aka sa masa suna, na tumaki da awaki ne, da wuya a same shi a mutum. Sai C. ubiquitum, mai suna tun 2010, wanda ke yawo a dabbobi iri-iri kuma an sha samunsa a mutane. Rabonsu ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Turai C. parvum ya fi yawa a 'ya'yan tumaki, a Ostireliya C. xiaoi ne ke gaba. Ke nan ba a ɗauko sakamakon wata ƙasa a ɗora wa Uda da Balami na Kabi.

Sanin jinsi ma bai ƙare magana ba, don C. parvum kansa ba abu guda ba ne. Mutum biyu duk Hausawa ne, amma tsagar fuska kan nuna wannan Bakabe ne wancan Bagobiri. Tsagar wannan halitta tana wata gaɓa da ake kira gp60. A cikinta akwai wasu haruffa uku-uku da ke maimaituwa, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga reshe zuwa reshe. Wanda ya ga suna irin IIaA15G2R1 a takardar bincike kada ya firgita, ƙidaya ce kawai. II na nufin C. parvum, ƙaramin a shi ne danginsa, A15 na nufin TCA ya maimaitu sau 15, G2 na nufin TCG sau 2, R1 kuma wani guntu ne, ACATCA, da ya zo sau ɗaya. Wannan reshen da na kawo misali da shi yana cikin waɗanda aka fi samu a maruƙa da mutane a ƙasashe da dama. Abin da ya shafe mu shi ne dangin. IIa da IId na dabbobi ne masu tsallakawa zuwa mutum. IIc kuwa, duk da C. parvum ne, kusan a mutane kaɗai yake yawo.

Wannan bambancin ya sauya fahimtar cutar a nahiyarmu. Binciken da aka yi kan yara a Afirka ta kudu da Sahara, har da Najeriya, ya fi cin karo da C. hominis, jinsin mutane, da kuma dangin IIc. Ma'ana, a wuraren da aka duba, yaro daga ɗan'uwansa mutum ya fi ɗauka, ta ruwa da hannu da rashin masai. A Birtaniya labarin daban ne: kusan duk lokacin haihuwar tumaki sai an sami yaran da suka kamu bayan sun je gona sun shayar da 'ya'yan tumaki da kwalba. A 2001, da cutar boru ta sa aka hana shiga karkara a ƙasar aka kuma kashe dabbobi miliyoyi, yawan masu kamuwa da Cryptosporidium ya ragu a fili. To mu ina muka faɗa? A nan tunkiya na haihuwa a tsakar gida, yara ne ke ɗaukar jaririn suna wasa da shi, mata ke share turke su koma girki, kashin kuma a tara a kai gonar albasa a Aliero ko lambun latas a fadama. Duk ƙofofin da cuta za ta bi daga dabba zuwa mutum a buɗe suke. Amma buɗaɗɗiyar ƙofa ba shaida ba ce cewa an bi ta, kuma ina ganin kuskure ne babba jami'in lafiya ya fara ɗora wa tumakin mata laifin zawon yara bisa abin da ya gani a madubi kawai.

Giardia tsarinta ya ɗan fi sauƙin faɗi, ya fi wuyar yi. An kasa ta rukuni takwas, daga A zuwa H. A da B ne ke kama mutane da wasu dabbobi, C da D na karnuka, F na kyanwa, G na ɓeraye, H na dabbobin teku. E ne na masu kofato, kuma shi aka fi samu a tumaki, sai A jefi-jefi. An daɗe ana cewa E ba ruwansa da mutum, har aka same shi a mutane a Masar da Brazil da Ostireliya. Wuyar ita ce gaɓa ɗaya ba ta isa ba. Uku ake dubawa, bg da gdh da tpi, kuma ba abin mamaki ba ne samfuri guda ya nuna E a wannan gaɓa ya nuna A a waccan, galibi don dabbar na ɗauke da duka biyun. Takardar da ta ce ta gano rukunin Giardia da gaɓa ɗaya, a karɓe ta da hannu ɗaya. Wannan matsala ta gauraye ta shafi Cryptosporidium ma, don hanyar Sanger wanda ya fi yawa a bututun take nunawa, ƙaramin ya ɓoye. Sabbin injina masu karanta dubban zare lokaci guda suna tono shi, sai dai da tsada.

Eimeria ba ya buƙatar duk wannan wahala a yawancin lokuta, tunda ba ya kama mutum kuma madubi na ganinsa. Inda DNA ke taimakawa shi ne raba masu ɓarnan nan biyu daga sauran, domin ɗan tunkiya na iya zubar da ƙwai dubbai na jinsin da ba ya cutarwa yana cikin ƙoshin lafiya. Masu turka raguna don layya su ne ya kamata su fi lura da shi: a tattaro ƙananan raguna daga kasuwanni daban-daban, a cusa su wuri guda, a sauya musu abinci zuwa dusa da ƙowa, ƙarƙashin komin ruwa kullum a jiƙe. Ƙwan Eimeria ba ya iya kama dabba ranar da ya fito, sai ya kwana ɗaya ko fiye a wuri mai laima da ɗumi, don haka share turke kullum na karya shi. Na Cryptosporidium da Giardia kuwa da shirinsu suke fitowa. Takardun bincike kan haɗa da wasu halittun hanji biyu, Blastocystis da Enterocytozoon bieneusi. Na farkon har yau ana gardama kan ko yana sa ciwo, na biyun kuwa ya fi kusa da dangin naman gwari, kuma masu raunin garkuwar jiki ya fi yi wa illa.

Akwai abin da gwajin ba ya faɗa, kuma masu ɗoki da shi kan manta. PCR DNA yake gani, ba ya sanin ko ƙwan na da rai ko rana ta riga ta kashe shi. Ba ya sanin ko halittar ta zauna a hanjin ne ko wucewa kawai ta yi daga ruwan da aka sha. Samun ta a ɗan tunkiya mai zawo ba ya nufin ita ce sanadi, don manyan tumaki masu lafiya da yawa na ɗauke da ita, kuma uwa kan ƙara zubar da ƙwai dab da haihuwa. Nau'in PCR mai ƙidaya yana rage wannan duhu ta hanyar nuna yawa, amma sai an haɗa da shekarun dabbar da abin da likitan dabbobi ya gani da idonsa. Haka kuma Giardia ba kullum take fita a kashi ba, samfurin rana ɗaya na iya rasa ta.

Ta fuskar magani, sanin wanda ake faɗa da shi na hana ɓarnar kuɗi. Koksi na da magunguna, irin su toltrazuril da diclazuril da amprolium. Giardia na jin albendazole da fenbendazole in an bayar kwanaki a jere, ba ɗura ɗaya irin ta tsutsa ba. Cryptosporidium kuwa ba wani magani da ke gama da shi. Halofuginone da ake ba maruƙa a wasu ƙasashe rage shi kawai yake yi. Ivermectin da allurar LA ba abin da suke masa. Abin da ke ceton jaririn shi ne ya sha dakashi sosai a sa'o'in farko, a mayar masa da ruwan da jikinsa ke zubarwa, a ware shi daga sauran jarirai, wurin kwana ya zama busasshe. Bushewa da zafin rana na kashe ƙwan, tafasa ruwa ma haka. A wannan ɓangaren ranin Kabi yana tare da mu, damina da bakin mashaya ne abin tsoro.

Shin makiyayi zai kai kashin ɗan tunkiyarsa a yi masa PCR? A'a, kuma bai kamata a yaudari kowa da hakan ba. Kayan gwajin daga waje suke zuwa da dala, karanta haruffan sau da yawa sai an aika wata cibiya mai nisa, kafin amsa ta dawo jaririn ya warke ko ya mutu. Akwai wata hanya, LAMP, da masana a Japan suka fito da ita a 2000, wadda ke aiki a zafi guda na digiri 60 zuwa 65 ba tare da babban inji ba. Tana iya cewa akwai ko babu, amma ba ta kai ga reshe. Aikin tantancewa na jami'o'i ne da ma'aikatu, a yi shi sau ɗaya da kyau don a san abin da ke yawo a yanki, sannan malamin dabbobi da malamin asibiti su gina shawararsu a kai. Kuma ba daga sifili za a fara ba. Tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo na nan Sakkwato kusa da mu, akwai jami'o'i a Birnin Kebbi da Aliero da Zuru, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato da ke aiki tun 1924. Injinan PCR da aka kawo jihohi saboda korona ba su san bambancin majinar mutum da kashin tunkiya ba, kayan gwajin da ake zuba musu, irin su faraima, ake sauyawa.

Abin da nake tsoro shi ne binciken neman sauƙi. Ɗalibi ya je mahauta da safe, ya ɗebi samfuri daga manyan raguna da aka kawo yanka, ya ƙirga kashi kaza cikin ɗari, ya rufe. Waɗannan raguna sun wuce shekarun cutar, wasunsu ma daga Nijar ko Benin aka shigo da su ta iyaka, ba wanda ya san ruwan da suka sha. Na san rashin tsaro ya rufe ƙauyuka da yawa ga masu bincike, amma tumakin cikin gari ma suna haihuwa. Binciken da zai amsa tambayar shi ne wanda zai shiga gida guda ya ɗauki na jaririn tunkiya da bai kai wata ba, da na uwarsa, da na yaran gidan 'yan ƙasa da shekara biyu da izinin iyayensu, da ruwan randa da na rijiya, ya kuma koma a damina da rani, ya haɗa garken da ke yawo da tumakin turke. In aka sami reshe ɗaya na IIa ko IId a jaririn tunkiya da yaro, to sai a raba wurin haihuwar dabbobi da wurin wasan yara, a kuma bar taki ya ruɓe sosai kafin ya je lambu. In yaran C. hominis ko IIc ne da su, tumakin kuma C. xiaoi, kuɗin gyara masai da rijiya ya kamata ya nufa. In kuwa ruwan ne ke ɗauke da na mutum da na dabba a haɗe, to aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai hakimi da ƙaramar hukuma sun zauna kan raba mashayar dabbobi da inda mata ke ɗibar ruwan sha.